Abdu Mumuni da littafin da ya rubuta a kan makaranta



Bana da aka zo rabon ayyukan wannan ɗan littafi namu na ƙarshen shekara, mu ƴan ajin ƙarshe aka ce mu yi rubutu a kan wani masani da ya yi bincike kan koyo da koyarwa. Mun ɗauka sai mun leƙa Misira ko Faransa kafin mu samu irinsa. Mushenmu na Faransanci ya yi dariya, ya tambaye mu sunan babbar jami'ar Yamai. Muka amsa baki ɗaya: Abdu Mumuni. Ya ce, "To, wane ne shi?" Aji ya yi tsit. Can daga baya wani ya ce wai tsohon minista ne, wani ya ce soja ne. Babu wanda ya canka. Washegari sai ga mushe da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya sha hannu, ya ajiye bisa tebur ya ce mai sunan nan ne ya rubuta shi, kuma a kanmu yake magana. Mun yi kusan wata biyu yana karanta mana wasu sassa bayan an tashi, yana warware mana su da Hausa. Abin da muka fahimta ne muka kawo muku nan.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga Yuni 1929. A takardun boko ana rubuta sunansa Abdou Moumouni Dioffo. Ya fara lakwal a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, daga nan aka tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Faransawa ke horar da ƴan Afirka ta Yamma waɗanda za su zama malamai da ma'aikata. Bayan nan ya wuce Paris ya karanta fizik. A 1956 ya ci gasar nan mai wuya da Faransawa ke kira agrégation, wadda da ita suke zaɓen manyan malamansu, kuma shi ne na farko da ya ci ta a fannin fizik cikin ƴan ƙasashen Afirka rainon Faransa. Ya koyar a Dakar. A 1958 da Gini ta ƙi zama ƙarƙashin Faransa, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu suka bar makarantu ba malamai, yana cikin matasan Afirka da suka tafi Konakiri don su cike gurbin. Ya dawo ya koyar a Yamai, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilimi a kan makamashin rana. A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, a 1969 ya dawo gida ya shugabanci ofishin ONERSOL, inda aka riƙa ƙera kayan ɗumama ruwa da zafin rana da makamantansu. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991, Allah ya jiƙansa, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Ka ga ke nan mutumin rana ne da ƙarfe da lissafi. Tambayar da muka fara yi wa mushe ita ce, me ya kai mai fizik rubuta littafi a kan makaranta? Amsar tana cikin tarihin nasa. Ya zauna bisa benci yana yaro, ya tsaya gaban allo yana malami a ƙasashe uku, ya ga yadda ake shiga lakwal da yawa a fito ƴan kaɗan. Wanda ya saba tambayar me ya sa inji bai ba da ƙarfin da ya kamata ba, dole wata rana ya yi wa makaranta irin wannan tambaya.

Sunan littafin L'Éducation en Afrique, wato ilimi da tarbiyya a Afirka. Ya fito a Paris a 1964, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai. Lokacin kowa zumuɗi yake. A 1961 ƙasashen Afirka sun taru a Addis Ababa sun sa wa kansu 1980 ta zama shekarar da kowane yaro zai samu firamare. Nijar kuwa ta karɓi ƴanci yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Don haka maganar da ke bakin kowa ita ce a ƙara azuzuwa, a ƙara malamai. Shi sai ya ce a dakata tukuna: wace irin makaranta za a ƙara? Idan wadda aka gada ce za a yawaita yadda take, to matsalarta ma za a yawaita.

Ya fara da abin da mutane da yawa ba su ɗauke shi ilimi ba, wato tarbiyyar gida da gari kafin zuwan Bature. Ya nuna cewa tsari ce mai ƙa'ida. Gari duka ke rainon yaro, maƙwabci na iya tsawata masa ba a ce ina ruwanka ba. Koyo ba ya rabuwa da rayuwa: ɗan maƙeri yana zuga yana kallon yadda ƙarfe ke ja, yarinya na koyon awo wajen kwano da tiya. Ana gyaran jiki da hali da hannu da harshe lokaci guda, ta tatsuniya da kacici-kacici da kokawa da aikin gona. Kuma ana bin shekarun yaro daki-daki, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Da mushe ya kai nan sai wata cikinmu ta ce, "Ashe abin da kakata ke yi mana da dare yana da suna a littafi." Sai dai bai tsaya ga yabo ba, ya faɗi inda wannan tarbiyya ta gaza, musamman inda babu rubutu da zai adana sani a ɗora wani bisansa. Bai ce a koma jiya ba. Abin da ya ɗauko daga jiya shi ne haɗin da ke tsakanin koyo da rayuwa.

Daga nan ya shiga makarantar mulkin mallaka, da takardun gwamnoni da alƙaluma. Hujjarsa ita ce ba a kafa ta don ta ilimantar da jama'a ba. An kafa ta ne ta fitar da ƴan tsirarun da mulki ke buƙata: tafinta, magatakarda, malamin lakwal, mataimakin likita. Shi ya sa ba ta damu ba idan mafi yawa sun zube a hanya. Wani abu da ya ba mu mamaki a wannan tarihi shi ne, malamin da ya buɗe lakwal ta farko a Saint-Louis ta Senegal a 1817, Jean Dard, ya gwada koyarwa da harshen Wolof, har ya rubuta ƙamus ɗinsa, amma daga baya hukuma ta rufe wannan ƙofa. Har a taron Brazzaville na 1944, inda aka yi wa ƴan mulkin mallaka alkawarin gyare-gyare, an sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Wannan kam ba mu buƙaci littafi ba. Tsofaffinmu da suka yi lakwal suna ba da labarin sambol, wani ƙashi ko ɗan itace da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa a makaranta. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana yi, wanda ya wuni da shi kuma ya sha hukunci. Wani dattijo a unguwarmu ya ce mana, "Mu da munka yi lakwal, shiru munka fara koyo kafin karatu."

To nan muka iso ga maganar da ta fi riƙe mu, kuma ita aka fi sanin littafin da ita: harshen koyarwa. Abdu Mumuni ya ce yaro ya fara karatu da harshen da yake tunani da shi. Dalilin ba son gida ba ne kawai. Yaron da ya shiga ajin farko da harshen da bai taɓa ji ba, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, ga sabon abu ga sabon harshe. Idan ya kasa, ba wanda zai iya cewa wanne ne ya kayar da shi. Sau da yawa sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali tambayar ce bai ji ba.

Bari mu ba ku misali daga gidajenmu, don ba sai an je nesa ba. Akwai ƙanin ɗayanmu da ke kai wa innarsa tallan ƙosai da safe kafin ya zo makaranta. Mutum ya sayi na dala talatin da biyar ya miƙa masa dala ɗari, kafin ka ƙifta ido ya ba shi canjin dala sittin da biyar, bai taɓa yin kuskure ba, don ya san abin da ke jiransa a gida in kuɗi bai cika ba. Yaron nan fa ɗebewa ya yi, kuma a ka. Amma a rubuta masa 100 a cire 35 a kan allo, a karanta masa da Faransanci, sai ya tsaya yana zare ido. Kuma ka dubi abin da ake nema daga gare shi. Casa'in da bakwai a Faransanci, in ka warware shi, ashirin huɗu ne da goma da bakwai. Kafin ya gama kwance sunan lambar an wuce zuwa ta gaba. A kaye ɗinsa jan biki ya cika, a kasuwa kuwa ba mai cin ƙwandalarsa. Lissafin yana nan cikin kansa, ƙofar da aka ce ya fito da shi ce ba ta buɗe ba.

Akwai kuma abin da mu ƴan madarasa muka sani tun da daɗewa ba mu lura ba. Je ka zauren da ake karatun littattafai da yamma, ka saurara. Almajiri ya karanta guntun jimla da Larabci, malam ya mayar masa da ita Hausa, ya ƙara bayani, sannan a ci gaba. Haka ake bin Ahalari da Ishmawi da Iziyya har Risala. Ba wanda ya taɓa cewa Hausar nan ta ɓata Larabcin, ita ce ma ke riƙe shi. Malamanmu na zaure ba su jira wani bincike ba, sun gane cewa ma'ana ta harshen gida take shiga. Abin da Abdu Mumuni ya nema wa lakwal bai yi nisa da wannan ba, sai dai shi ya ce a wuce fassara ta baki, a rubuta littattafan lissafi da kimiyya da tarihi da harsunanmu, a horar da malamai a kansu, a koya wa manya ma karatu da su, don manomi ba zai bar gona shekara shida yana koyon Faransanci kafin ya iya karanta takardar taki ba. Kuma bai ce a jefar da Faransanci ba. Ya ce a koyar da shi da kyau a matsayin darasi, bayan yaro ya tsaya da ƙafarsa. Sauran shawarwarinsa, irin ba ilimin sana'a da fasaha muhimmanci da tsara makaranta bisa buƙatar tattalin arzikin ƙasa, duk daga wannan tushe suka fito.

Yanzu, ta yaya ake gane cewa maganar masani ta yi tasiri? Mushe ya ce masu jami'a suna duba abubuwa kamar sau nawa aka sake buga littafin, harsuna nawa aka fassara shi, su wa suka kafa hujja da shi a nasu rubutun. In da wannan ma'auni ne, littafin ya yi nisa. A 1968 ya fito da Ingilishi da sunan Education in Africa, ta haka ya shiga jami'o'in ƙasashen da ba su jin Faransanci. Walter Rodney, masanin tarihi ɗan Guyana da ya koyar a Dar es Salaam, ya kafa hujja da shi a sanannen littafinsa na 1972 kan yadda Turai ta tauye ci gaban Afirka, a sashen da ya yi magana kan makaranta. A 1998, shekara bakwai bayan rasuwarsa, kamfanin Présence Africaine ya sake buga shi da gabatarwar Joseph Ki-Zerbo na Burkina Faso, wanda shi ma yana cikin malaman da suka je Konakiri a 1958. Irin wannan bugun ne ke hannun mushenmu. Har yanzu mai rubutu kan tarbiyyar gargajiya a Afirka da wuya ya wuce bai ambace shi ba.

Amma mu ma'aunin da ya dame mu daban ne: maganar ta iso aji ko ba ta iso ba? A nan labarin rabi da rabi ne. Ba shi kaɗai ke wannan kira ba, kuma ba za mu ce duk abin da ya biyo baya aikinsa ne ba, sai dai hanya ɗaya suka bi. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen rubuta wasu harsunan yankinmu, har da Hausa. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa a shigo da Faransanci sannu a hankali, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Da aka auna yaran waɗannan makarantu da na sauran, an samu sun fi iya karatu, har a Faransancin ma ba a bar su baya ba. Maƙwabtanmu a Najeriya sun ga irin haka: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife sun koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishi yana matsayin darasi, kuma yaran ba su faɗi a Ingilishin ba, sun ma fi takwarorinsu a darussa da dama. Dokar ilimi ta Nijar ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa.

Duk da haka, makarantun nan sun shekara da shekaru ana kiransu na gwaji, kuma ƴan kaɗan ne cikin dubbai. Wani cikinmu ya ce gwajin da ya haifi ƴaƴa har da jikoki ai ya wuce gwaji. Me ya riƙe abin? Mun tambayi iyayenmu, kuma amsarsu ba ta wasa ba ce. Wani uba ya ce mana, "Hausa ai a gida ya same ta kyauta, ban kai shi makaranta don ita ba." Wata uwa ta ce jarrabawa da wane harshe ake yinta, takardar neman aiki da wane harshe ake rubuta ta? Gaskiyarsu ne. Muddin jarrabawa da ofis ba su jin Hausa, uba zai ga kamar an ware ɗansa ne an ba shi abin da ƴaƴan manya ba su karɓa ba. Ga ƙarancin littattafai. Ga malamin da ya iya Hausa a baki amma ba a taɓa koya masa rubuta ta ba, yana rubuta ƙ da k, ɗ da d. Ga kuma ajin da ke da ɗan Bafillace da ɗan Buzu tare da Hausawa, in aka ce harshen uwa, uwar wa? Mu a ganinmu waɗannan matsaloli ne na gaske, amma na kuɗi da shiri ne da niyya, ba su rushe hujjar ba. Maganar uban nan ma akwai gyara a cikinta. Abin da yaro ya samu kyauta a gida jin Hausa ne. Karanta ta da rubuta ta da yin lissafi a rubuce da ita sai an koya masa, kuma wanda ya iya karatu da harshe ɗaya ba ya sake koyon karatu daga farko in ya shiga na biyu.

Wani abin dariya, ko na takaici, shi ne littafin da ke kiran a koyar da harsunanmu da Faransanci aka rubuta shi, mu ma sai da aka fassara mana. Ba mu ga laifinsa ba. A 1964 waɗanda ke riƙe da ma'aikatun ilimi da shi suke karatu, su yake son su ji.

Mu namu nauyin ma ya fi na ƴan lakwal. Ƙannenmu na ajin farko harshe biyu baƙi suke tararwa rana ɗaya, Larabci da Faransanci, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Muna son su duka biyu, don su ne aka kawo mu nan, kuma ba wanda ke cewa a rage ko ɗaya. Amma duk mun san yaron da zai rero darasi tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ka tambaye shi me ya ce, ya sunkuyar da kai. Da yawa cikinmu mun yi wannan zama. Wasu abokan da muka fara tare sun bari tun aji uku, suna cewa su karatu bai karɓe su ba, kuma yau su ne ke riƙe da lissafin shago ba tare da sun ɗauki biki ba.

Shi ya sa tun tsakiyar shekara muka nemi izinin hukumar makaranta, ranar Alhamis da hantsi muna zama da ƴan aji ɗaya da aji biyu. Ba sabon darasi muke yi ba. Wanda aka yi musu cikin mako muke maimaitawa da Hausa, da tsakuwa da murafun kwalba da kuɗin wasa, sai mun ga sun kama sannan mu mayar da su ga kalmar Faransanci ko ta Larabci. Mai ƙosan nan yanzu shi ke gyara wa ƴan'uwansa ɗebewa. Muna roƙon ƴan ajin da ke bin mu su karɓi zaman nan baɗi, kuma iyaye su riƙa sako yaran.

Inda muke shan wuya shi ne kalmomi. Tarawa da ɗebewa da rabawa ba gardama. Da muka zo tsawon gefen fili gaba ɗaya muka ce kewaye, kowa ya yarda. Amma da aka zo girman cikin filin, aji ya rabu biyu: wasu suka ce faɗi, wasu suka ce faɗi ai gefe ɗaya ne, abokin tsawo. Wata yarinya ƴar aji biyu ta ce babanta magini ne, za ta tambayo yadda suke cewa in za su auna ɗaki kafin a zuba siminti. Duk wanda ke da kalmar da ta fi, magini ne ko tela ko mai auna gona, ya aiko mana da ita ta hannun yaronsa kafin a koma hutu.